Waya a Hannu, Lissafi a Faifai

Jawabin kwamitin wayar da kai, kamar yadda aka gabatar da shi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Muna farawa da godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Muna gaida Uwar ƙungiya, da Hajiya Shugaba da 'yan kwamitinta, da iyayenmu mata da suka ɗauko wannan tafiya tun ana tara zubi a cikin gwangwanin madara. Muna gaida iyayen ƙasa da malamanmu, da mazajenmu da suka yarje mana kuma suka rako mu. 'Yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wayar hannu da gwamnati. Mun san akwai mai cewa a ranta, ina ruwan mai ƙuli-ƙuli da kasafin kuɗi? To ku ba mu aron kunnuwanku, za ku ji cewa maganar ta gida ce.

Mu fara da abin da muka sani. Duk ƙarshen wata ma'ajinmu takan buɗe littafi a gaban kowa, ta karanta wadda ta yi zubi, da wadda ta ɗauki rance, da wadda ta biya, da abin da ya rage a asusu. Wadda zubinta ya fi na kowa ƙanƙanta tana da ikon ɗaga hannu ta ce, "Hajiya, a maimaita mini wancan layin, ban gane ba." Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Adashi nawa muka gani ya watse a unguwannin nan, uwar adashi ta ɓace, zumunci ya lalace? Mu abin da ya riƙe mu har yau shi ne wannan littafin da ake buɗewa a bainar jama'a.

To wannan ɗabi'ar tamu ita ce masana suke kira gwamnati a buɗe, mu kuma muka ga ya fi daɗi mu ce gwamnati a faifai. A shekarar 2011 ƙasashe takwas, ciki har da Amurka da Birtaniya da Brazil da Afirka ta Kudu, suka ƙulla wani ƙawance da ake kira OGP, suka yi alkawarin za su riƙa bayyana wa jama'arsu kuɗin da ya shigo da inda ya tafi, su kuma saurari bakin talaka. Nijeriya ta shiga ƙawancen a 2016. Ke nan da bakinta gwamnati ta ce za ta buɗe littafi. Saura masu ɗaga hannu.

Kada kuma wata ta ce ai ba ta da zubi a wannan asusun. Kina da shi, 'yar uwa. Duk katin waya ko data da kika saya, akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a ciki. Duk sadda aka tura kuɗi ta banki suka kai Naira 10,000, sai an cire Naira 50. Ga kuɗin rumfa a kasuwa, ga tikitin da ake yanka wa mai adaidaita, wanda a ƙarshe a kuɗin motarki yake fanshewa. Ga arzikin man fetur da ake rabawa duk wata a Abuja tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Babban adashi ne, kuma duk muna ciki. Bambancinsa da namu shi ne ma'ajinsa yana nesa, ba a zama da shi a kan tabarma ɗaya. A nan ne waya ta shigo.

Wayar salula ta fara aiki a ƙasar nan a 2001. Iyayenmu da ke zaune a gaba sun tuna lokacin da sai an je bakin titi wurin mai lema a biya kuɗin minti ɗaya. Yau kuwa da ita muke cinikin turaren wuta da atamfa, da ita muke karɓar kuɗin ɗinki, da ita muke jin muryar jikokinmu. Abin da muke so mu ƙara a kai shi ne, ita wannan wayar shaida ce. Tana ɗaukar hoto, tana riƙe kwanan wata, tana kai magana inda ƙafarmu ba za ta kai ba.

Ga misali daga nan Arewa. A shekarar 2010 aka ga yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, suna suma suna jijjiga. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariyar da ake haƙowa. A cikin gida ake daka duwatsun, a niƙa su, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu ƙauyukan, aka bar Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka, inda yara kusan 1,500 ke jiran magani. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasa mai guba, sai an tsabtace garin tukuna. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 domin wannan aiki. Wata ya bi wata, shiru kake ji.

Sai wasu matasa, cikinsu akwai Hamzat Lawal, suka kafa wata tafiya da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka shiga mota har Bagega, suka ɗauki hotuna, suka naɗi muryar mutanen gari, suka watsa a Twitter da Facebook suna tambaya ɗaya: ina kuɗin da aka yi alkawari? Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da 'yan jarida suka kama, magana ta game duniya. A ƙarshen watan Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka kwashe ƙasar, yara suka fara samun magani a cikin wannan shekarar.

Ku lura da abu uku a labarin nan. Sun san adadin kuɗin da aka yi alkawari da ranar da aka yi shi. Sun je da ƙafarsu sun gani, don gani ya kori ji. Sannan ba su yi magana sau ɗaya suka gaji ba. Waya ta yi aikinta ne saboda akwai masu naci a bayanta. Iyaye matan Bagega sun fi kowa sanin zafin abin, amma sai da baƙi suka zo daga Abuja kafin a ji kukansu. Mu da muke da ƙungiya, muke da wayoyi a jakunkunanmu, bai kamata mu zauna jiran baƙo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yanzu bari mu faɗi ƙofofin da ke buɗe, don kowa ta san inda za ta ƙwanƙwasa.

Ta farko ita ce dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Dokar ta ce kowane mutum yana da ikon neman takardun aikin hukuma, kamar nawa aka ware wa gyaran makaranta kaza, wa aka ba kwangilar, nawa aka biya shi. Ba sai kin faɗi dalilin tambayarki ba. Hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, ko ta faɗi hujjarta ta hanawa a rubuce, kuma ana iya kai ta kotu. Ga wani wuri da ya shafe mu ƙwarai: dokar ta ce wadda ba ta iya rubutu ba tana iya wakilta wani ya rubuta mata, kuma in kika je kika nema da baki, jami'in ne zai rubuta buƙatar taki. Jihohi da yawa sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Takardar da muka kai, sai mu ɗauki hotonta bayan an buga mata hatimin karɓa. Daga ranar an fara ƙirga kwana 7, kuma shaidarmu na cikin waya.

Ta biyu ita ce ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a Legas a 2011. Aikinta shi ne ta ɗauki kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka ta mayar da shi zane da lissafi mai sauƙi da za a iya dubawa a waya. A 2014 ta buɗe wani sashe mai suna Tracka domin bin diddigin ayyukan mazaɓu, wato rijiyoyin burtsatse da ajujuwa da kekunan ɗinki da ake sawa a kasafi da sunan 'yan majalisarmu. Shekaru da dama ana ware wa waɗannan ayyuka Naira biliyan 100 duk shekara. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya koka cewa an kashe kusan Naira tiriliyan ɗaya a kansu cikin shekara goma, amma talaka bai gani a ƙasa ba. A shekarar ce hukumar ICPC ta fara bin waɗannan ayyuka jiha jiha, har ta sa wasu 'yan kwangila suka koma bakin aikin da suka gudu suka bari. A shafin Tracka ana iya duba jiha, a ga ayyukan da aka rubuta da kuɗinsu, a kuma aika hoton halin da aiki yake ciki.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa ake tara mu a rana, a raba mana keken ɗinki ko injin markaɗe, a ce mu yi guɗa mu gode wa mai girma? Godiya halinmu ce, za mu ci gaba da yi. Amma in a takarda an rubuta keke ɗari, aka raba talatin, saura saba'in fa? Wadda ta duba wayarta kafin ta fita daga gida ta san lissafin da za ta yi.

Ta uku, akwai jihohin da suka buɗe tasu hanyar. Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta fito da manhajar Eyes and Ears, wato idanu da kunnuwa. Mutum zai buɗe ta ya ga ayyukan gwamnati da ke kusa da inda yake tsaye, ya ɗauki hoto, ya aika da ƙorafi ko yabo zuwa hukumar tsare-tsare da kasafi. Jihar ta shiga ƙawancen OGP na duniya da sunanta a 2018. Sannan ga U-Report na hukumar UNICEF, wanda ya fara a Nijeriya a 2014. Shi ko da ƙaramar waya mai madannai ana yi, ta saƙon tes zuwa lamba 24453, kuma kyauta ne. Sukan aiko da tambaya a kan rigakafi ko ruwan sha ko karatun 'ya'ya mata, a tattara amsoshin a miƙa wa masu yanke shawara.

Ta huɗu kuwa ita ce wadda muka fi sabawa da ita, wato rediyo. Shirye-shiryen da ake buɗe layi mai sauraro ya kira, su ma waya ce. Sai dai ku saurara da kyau ku ƙirga: a cikin masu kira goma, mata nawa ne? Alhali mu ne muke kwana a asibiti da yaro, mu ne muke bin layin ruwa.

To me za mu sa wa ido? Kada mu ce za mu rungumi kasafin ƙasa gaba ɗaya, ya fi ƙarfin hannunmu. Kwamiti yana ba da shawarar abu uku da ke bakin ƙofarmu: asibiti, makaranta, ruwa.

A kan asibiti, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Wani kaso na kuɗin yana shiga asusun asibitin ne kai tsaye, kuma kwamitin cigaban mazaɓa yana da ta cewa a kan yadda za a kashe shi. Mu tambayi kanmu, su wa ke cikin kwamitin mazaɓarmu? Akwai mace? In mai naƙuda ta je da daddare ta tarar da ƙofa a rufe, ko aka karɓi haihuwa da fitilar waya, wa ya rubuta ranar? A kan makaranta, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, ta kuma ware wa hukumar UBEC kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Kowace makaranta ya kamata ta samu kwamitin iyaye da al'umma da ake kira SBMC, kuma akwai kujerar mata a ciki. A kan ruwa kuwa, duk mun san rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kiɗa, ta yi wata biyu ta ƙafe, allonta na nan tsaye yana ɗauke da sunan aiki da na ɗan kwangila.

Mu ƙara da wannan. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, amma abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi, kuma ana iya dubawa a waya. Idan muka je gaban ciyaman da adadin a hannunmu, zancen "babu kuɗi" zai zo da bayani.

Sai dai kada mu yi muku zaƙin baki kamar masu tallar magani. Akwai cikas. Da yawa daga cikinmu ba su da babbar waya, wasu ta maigida suke ara. Data ta yi tsada, balle bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025. Ga rashin wutar caji. Yawancin shafukan nan da Turanci suke. Kuma sabis ɗin kansa ana iya ɗauke shi, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo. Akwai kuma ofisoshin da za ki aika musu ƙorafi ya shige kamar an jefa dutse a rijiya. Duk wannan gaskiya ne. Maganinsa shi ne abin da ya haɗa mu tun farko: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya ana iya share ta. Takarda mai hatimin ƙungiya, da sa hannun mata masu katin zaɓe, da hoto mai kwanan wata, tana da wuyar sharewa.

Ga yadda muke ganin za a yi, in taro ya amince. A kowace unguwa a zaɓi mata uku: dattijuwa ɗaya da ake jin nauyinta, da mai babbar waya, da mai iya rubutu. 'Ya'yanmu 'yan sakandare su taya mu karanta Turancin, su ma karatu ne a gare su. Idan aka je wurin aiki, a fara ɗaukar hoton allon, sunan aikin da hukumar da ɗan kwangilar su fito sosai. Sannan a ɗauki ginin daga nesa da kusa. A ƙirga abin ƙirgawa: aji nawa, benci nawa, famfo nawa ke zubar da ruwa. A dawo a rubuta a littafi na musamman, domin waya tana faɗawa ruwa, littafi yana nan. Wadda ba ta rubutu ta yi saƙon murya da Hausarta a zaurenmu na WhatsApp, sakatariya ta mayar da shi takarda.

Daga nan sai a bi matakai cikin ladabi. A fara da mai unguwa da shugaban asibitin ko hedimasta, don sau da yawa su ma abin yana damunsu, neman mai taya su magana suke yi. Sai kansila, sai ciyaman ko ofishin ɗan majalisa, da takarda a rubuce. In an yi shiru, a sake tunatarwa. In an sake yin shiru, sai a aika wa Tracka, a kira rediyo, in ta kama a kai wa ICPC. Inda kuma aka yi aiki mai kyau, mu ɗauki hotonsa mu yaba a fili. Ma'aikaciyar jinyar da take kwana a bakin aiki ta cancanci a ji sunanta da alheri.

Muna roƙon a kiyaye abu huɗu. Kada mu tura abin da ba mu gani da idonmu ba, ko da daga wa ya fito. Kada mu zagi kowa ko mu kira shi ɓarawo. Mu faɗi abin da aka rubuta, mu nuna abin da ke ƙasa, lissafi ya yi magana da kansa. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma an sha kama mutane a kan abin da suka wallafa, don haka gaskiya da hujja su ne garkuwarmu. Kada mu ɗauki hoton mara lafiya ko yaron wani ba da izini ba. Sannan kada mu bari wata jam'iyya ta mayar da mu sandar dukan abokin hamayyarta. A cikinmu kowa da wanda take zaɓa, amma famfon unguwa bai san jam'iyya ba. Sai gargaɗin da ba ma gajiya da shi: duk saƙon da ya ce an ba ki tallafin gwamnati, ki turo lambar BVN ko lambar sirrin katinki, na 'yan damfara ne. Ki goge shi, ki gaya wa 'yar uwarki.

Ga mazajenmu da ke zaune a can gefe, mun gode da haƙurinku. Wannan aiki ba fita yawo ba ne, ba kuma tsaurin ido ba ne. Asibitin da muke magana a kai, matanku ne ke haihuwa a ciki. Ajin da rufinsa ya yaye, 'ya'yanku ne ke zaune a ƙasa. Ku ara mana waya idan mun nema, ku raka mu sakatariya idan ta kama.

Kuma tunda za mu nemi wasu su buɗe littafinsu, namu ya ƙara buɗuwa. Kwamiti yana ba da shawarar daga wata mai kamawa, bayan an karanta lissafi a taro, ma'aji ta ɗauki hoton shafin ta sa a zaure, ta kuma karanta shi da murya saboda masu jego da marasa lafiya da waɗanda ba su samu fitowa ba. Muna kuma neman taro ya amince a ware ɗan abin da ya sawwaƙa daga ribar bana domin data da kuɗin motar masu zagaye, a rubuta shi a littafi kamar kowane kashe kuɗi. Idan Allah Ya kai mu taron baɗi, za mu tsaya a nan mu karanta muku: wurare nawa muka duba, takardu nawa muka kai, nawa aka amsa, nawa aka gyara, nawa ne har yanzu muke bi.

Hajiya Shugaba, shawarwarinmu ke nan, mun miƙa su gaban taro. Masu son shiga zagayen unguwarsu su ba da sunansu wurin sakatariya kafin a raba abinci.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya shirya mana zuri'a. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya maimaita mana.